Rigar Auta da Jirgin Minti Arba'in

Tela ne, kuma gwani ne, wannan babu mai musu a layinmu. In ya yanka yadi ya haɗa maka riga, sai ka rantse a jikinka aka saƙa ta. Matsalarsa guda ce tak. Duk wanda ya leƙa shagonsa ya tambayi kayansa, amsa ɗaya yake samu: "Gobe da safe." Tun ana jin haushi har aka gaji, aka mayar masa da maganar ta zama suna. Matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta gama makarantar koyon aikin jinya a wani gari, kuma ita ta zo ta ɗaya. Saboda haka ranar da za a yaye su, ita za ta hau dandamali ta ja sauran ɗalibai rantsuwar kama aiki, cikin sabuwar farar riga. Makarantar tana da telanta, kowace ɗaliba ta miƙa masa yadinta ta huta. Da Gobe-da-Safe ya ji haka, sai ya buga ƙirji a waya.

"Ina raye wani ƙato ya ɗinka wa 'yata rigar rantsuwa? Aiko da yadin!"

Auta ta san ubanta. 

"Baba, don Allah. Gaban jama'a zan tsaya."

"Ke! Rigar farko da kika sa a duniya wa ya ɗinka ta?"

"Mama ta ce sai da na fi ƙarfinta ka gama."

"Mamanki tana da ƙari a magana. Aiko da yadin."

Ta aiko da shi tun da sauran wata guda. Ya warware, ya shafa, ya yaba, ya ninke, ya ɗora a kan tulin kayan mutane.

Ana saura mako guda ya bi ta gaban shagon masu sayar da tikitin jirgi, ya ga an manna takarda a gilashi: ƙaramin jirgi daga filin jirgin garinmu zuwa na garin su Auta, minti arba'in. Bai yi shawara da kowa ba, ya shiga ya yanki tikiti na safiyar ranar bikin. Da yamma ya same mu a shagon Mai Aski, maƙwabcinsa, yana tafe yana fifita da tikitin. Kawu Direba, ƙanen matar Gobe-da-Safe, yana kan kujera ana yi masa gyaran fuska. Shi ne ke jan bas a kan hanyar garin su Auta, kuma shi zai kwashi iyali ranar.

"Kai, awa nawa kake yi a hanyar nan taku?" in ji Gobe-da-Safe.

"Biyar, Yaya, in ba a yi faci ba."

"Biyar! Rabin rayuwa ke nan." Ya zaro tef daga wuyansa, ya aza a kan taswirar da ke jikin kalandar Mai Aski. "Ku matso ku ga ilimi. Daga nan zuwa nan, inci biyu da rabi. Hannun rigar jariri ma ya fi shi tsawo. Ku ne kuke bin hanya kamar zariya a wando, a lanƙwasa nan, a lanƙwasa can. Jirgi kuwa yankan almakashi yake yi. Ƙyat!"

"Yaya, ka taɓa zuwa filin jirgin kuwa?"

"Ina jin ƙararsu in sun wuce."

"To, shi ke nan," in ji Kawu, ya rufe ido.

Mai Aski ya ce, "Rigar yarinya fa?"

"Ai ita ta kawo lissafin. Su awa biyar, ni minti arba'in. Na ci ribar awa huɗu da ɗoriya. A awa huɗu ni ai sai in tufatar da unguwa."

Waɗannan awa huɗun su suka kashe shi. Ranar Litinin ya kashe su a kallon ƙwallo. Ranar Talata ya kashe su a musun ko jirgi yana da giyar baya. Ranar Laraba wata mata ta zo da tabarmarta da butarta ta zauna a ƙofar shagon, ta ce ba ta tashi sai da kayanta, ya sake kashe su a kanta. Awa huɗun nan dai su ne guda ɗaya, amma kullum sai ya kashe su tas, kuma kullum in ya shafa aljihu sai ya ji suna nan.

Safiyar bikin bas ɗin Kawu ta tsaya a ƙofar shago, cike da 'yan uwa, kowa ya sha ado. Matar Gobe-da-Safe ta sauko ta miƙa hannu.

"Baban Auta, ba ni rigar."

Ya ɗago ta daga kan keke. Gaskiya rigar ta yi kyau, wuyan nan ya zauna daram, aljihu biyu a gaba, hannun dama kamar an zana. Hannun hagu kuwa yana gefe a kan teburi shi kaɗai.

"Saura ɗan wannan," ya ce.

"Ba ni a haka. A can ma akwai masu allura."

"Ki kai aikina hannun wani ya ɓata? Ku kama hanya. Kafin ku isa na sauka, na sha shayi, na yi wa rigar guga. A bakin ƙofa za ku same ni, har na gaji da jiran ku."

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Gobe-da-Safe, in yarinyar nan ta zubar da hawaye yau, ni da kai ne."

"Hawayen murna ai ba laifi ba ne."

Bas ta tashi. Ya koma ya zauna, ya zura zare, ya daidaita hannun rigar a ƙarƙashin allura, ya taka. Aka ɗauke wuta. Keken kuwa na lantarki ne.

Ya ɗan jira. Ya leƙa waje, ya dubi wayar wuta, ya dawo. Sannan ya yi dariya ya ce wa Mai Aski ba komai, a cikin jirgi zai ƙarasa da hannu, minti arba'in ai hannu biyu ma sai ya sa. Ya zuba almakashi da gwangwanin allurai da zare a leda, ya ninke rigar, ya sa babbar rigarsa ta fita kunya, ya hau bayan babur ɗin Mai Aski.

Garin su Auta gabas yake da mu. Mai Aski ya miƙi hanyar yamma. Suka wuce kasuwa, suka wuce gidan mai na ƙarshe, suka wuce gonaki, gidaje suka ƙare, sai itatuwa da shanu.

"Anya ba mu ɓata ba?" in ji Gobe-da-Safe.

"Hanyar ke nan."

"To me ya kai su gina shi a bayan duniya?"

"An ce jirgi ba ya son hayaniya."

"Wannan ba ya cikin taswira."

"Tef ɗinka ne bai kai nan ba," in ji Mai Aski, ya kauce wa rami.

Sai da bayan Gobe-da-Safe ya ƙage suka isa. Filin jirgin ɗaki ɗaya ne dogo, da fanka guda, da sikeli, da kyanwa tana barci a kan teburin karɓar tikiti. Fasinjoji ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Jami'ar bincike ta buɗe ledarsa, ta zaro almakashin, wani shirgege mai baƙin hannu.

"Wannan fa?"

"Almakashi ne."

"Na gani. Ba ya hawa jirgi."

"Baiwar Allah, tun kafin a haife ki muke tare da shi. Bai taɓa yankan kowa ba sai ni."

"Ba ya hawa. Wannan gwangwanin ma haka."

"To da me zan ɗinka hannun?"

"Hannun wa?"

Ya nuna mata. Ta duba, ta ce rigar ta yi kyau, ta miƙa wa Mai Aski almakashi da gwangwani. Sannan ta ce ya bi ta ƙofar na'ura. Ya bi, na'ura ta yi ƙara. Ya cire agogo da makullai, ya sake bi, ta sake ƙara. Aka kira wani jami'i namiji ya zo da 'yar sandar nan da ake shafa wa mutum a jiki.

Duk wanda ya san tela ya san ba ya ajiye fil a teburi, inda hannunsa ya kai nan yake soke shi, kuma ba ya komawa ya cire. Aka fara da wuyan riga, aka zare fil shida. Aka koma bakin aljihu. Aka juya hularsa, sai ga allurai jere a ciki har da zarensu. Aka samu a bakin hannun riga, aka samu a ƙugun wando, aka samu wata a ƙafar wandon wadda shi kansa ya ce ya daɗe yana nemanta. Jami'in yana zarewa yana tarawa a faranti, layi ya tsaya, kowa ya zuba ido. Wani dattijo mai jakar hannu da ke bayansa ya gyara tabarau.

"Malam, kai mutum ne ko bushiya?"

"Sana'a ce, Alhaji."

"Allah ya kyauta. Ni dai kada a haɗa ni kujera da kai."

Da aka gama, jami'in ya ce ya buɗe baki. Ya buɗe. Akwai guda ɗaya a gefen leɓe.

Aka wuce da shi wurin jira ba shi da ko tsinke. Ya leƙa ta taga, fili fetal, babu jirgi babu alamarsa. Ya koma wurin mai karɓar tikiti.

"Ɗan'uwa, ina jirgin?"

"Ya taso."

"Daga ina?"

"Daga inda ya kwana."

"Yaushe zai iso?"

"In ya sauka za ka ji."

Ya zauna. Fanka tana juyawa, kyanwa ta farka ta yi miƙa ta koma barci. Wayarsa ta yi ƙara, Kawu ne.

"Yaya, mun ci rabin hanya, mun tsaya shan mai. Shayin can da daɗi?"

"Ana kan dafawa," ya ce, ya kashe.

Can an jima ta sake ƙara. Wannan karon Auta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba, kana ina? Kowa ya sa tasa, har an fara ɗaukar hoto."

"Ina filin jirgi."

"Wanne?"

"Filin jirgi ai filin jirgi ne, 'yata. Ki yi wanka ki jira ni."

"Na yi wanka tun ɗazu, Baba."

Rana ta take tsaka sannan jirgin ya sauka, ɗan ƙarami, da farfela biyu, bai fi bas ɗin Kawu da wani abin kirki ba. Aka ɗora kowane fasinja a sikeli kamar buhu, aka raba musu kujeru yadda nauyi zai daidaita. Gobe-da-Safe ya faɗa can baya, kusa da kwalayen 'yan tsaki da ke ta tsiwa. Dattijon nan mai tabarau aka ajiye a gefensa.

Jirgi ya ruga, ya ɗaga hanci, ƙasa ta sulale. Mutumin da ya yi mako yana koya wa layi guda yadda jirgi ke yankan almakashi ya damƙe hannun dattijo da hannu biyu, ya runtse ido, ya shiga karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

"Sake ni," in ji dattijo.

"Alhaji, faɗuwa muke yi!"

"Hawa muke yi. Sake ni."

Sai can ya yi ƙarfin hali ya buɗe ido ɗaya ya leƙa. Ga gari shimfiɗe a ƙasa, ga tankin ruwa, ga dogon gini mai jan rufi wanda ya sha gani a hotunan da Auta ke turowa, ga motoci sun yi layi a harabarsa. Makarantar ce. Ransa ya yi fari, ya tattara ledarsa. Jirgi ya bi ta kan jan rufin, ya wuce abinsa.

Gobe-da-Safe ya miƙe ya bubbuga rufin jirgin da tafin hannu.

"Direba! Akwai sauka!"

Mataimakin matuƙi ya waiwayo. "Baba, zauna ka ɗaura bel."

"An wuce da ni! Ga makarantar can a baya!"

"Sai an kai tasha," in ji dattijo, bai ko ɗago ba.

Garin ya ƙanƙance, ya ɓace, daji ya dawo. Sannan jirgi ya sunkuya ya dira, ya yi tsalle biyu, ya tsaya. Gobe-da-Safe ya dubi agogo. Minti arba'in cif, ko ɗaya bai ƙaru ba.

"Na faɗa!" ya ce da ƙarfi. "Ban faɗa ba?"

Ba wanda ya tanka sai 'yan tsaki.

Wannan filin jirgin ya fi na garinmu ƙanƙanta, don shi ko kyanwa babu. Kafin ya gama gyara hula, kowane fasinja ya shige motar da ta zo ɗaukarsa, har 'yan tsaki an zo musu da mota. Ya rage daga shi sai mai gadi.

"Ina hanyar gari?"

Mai gadi ya nuna inda jirgi ya fito. "Ai kun wuce shi ta sama."

"Da nisa?"

"A jirgi babu nisa."

"Tasi fa?"

"Akwai guda ɗaya. Ya kai matarsa awo."

Ya fita bakin titi, ya zaro hannun rigar yana kaɗawa. Mota ta farko ta wuce, ta biyu ma direban ya ɗaga masa hannu. Ta uku babbar mota ce shaƙe da buhunan albasa, ta tsaya. Direban ya ce gaba ya cika, sai dai ya hau sama.

"Na gode. Don Allah ko kana da allura?"

Direban ya laluba ya miƙo masa basilla, wadda ake ɗinke bakin buhu da ita, tsawonta ya kai ɗan yatsa biyu.

"Babu ƙarama?"

"Wannan ce ƙaramar."

Ya hau kan buhuna ya zauna, ya shimfiɗa rigar a kan cinyarsa, ya fito da zarensa. Ramin farko da motar ta faɗa, zaren ya yi tsalle ya bi titi. Ya zare na bakin wani buhu, albasa ta fara gangarowa, bai kula ba. A nan dai dole a yaba masa. Mota tana jifa da shi sama tana cafewa, iska tana neman ƙwace rigar, idonsa yana ruwa saboda albasa, amma ya danne rigar da gwiwar hannu ya yi ta soka basilla yana ja, yana soka yana ja. Suna shiga gari yana ɗaure bakin zare da haƙori. Ya dunƙule rigar a cikin gaban babbar rigarsa don kada ta ƙara datti, ya rungume, ya diro, ya sa gudu.

Zauren taron ya cika maƙil. Ɗalibai sun yi sahu fari fat, kowace ta ɗaga hannun dama. A kan dandamali ga Auta, cikin rigar da shugabar makarantar ta ara mata. Shugabar kuwa mace ce mai jiki, Allah ya yi mata albarka. Rigar ta sauko wa Auta har idon sawu, an nannaɗe hannuwan, an tattare bayan da abin maƙale takarda. Idonta ya yi ja, kowa ya ga ta sha kuka. Duk da haka tana karanto rantsuwar, sauran suna maimaitawa.

Ƙofar tsakiya ta buɗe da ƙarfi.

"A dakata! Ga riga!"

Warin albasa ya riga shi isa gaba. Ya ratsa tsakiyar zauren, hula a karkace, ɓawon albasa a gemu, mutane suna darewa. Ya tsaya a gaban dandamali, ya kama kafaɗun farar rigar, ya ɗaga ta sama da hannu biyu don kowa ya ga aiki.

Babbar rigarsa ta biyo ta. Ta taso tun daga gwiwa har ta rufe masa fuska, ta bar singileti mai huji uku da tumbi da zariyar wando a gaban manyan baƙi. Ya sauke, ta sauka. Ya sake ɗagawa, ta sake tashi. Ya ja dama, ya ja hagu. Zaren buhu ba ya tsinkewa. Ya ɗinke hannun da rigar Auta, ya ɗinke rigar Auta da tasa, ɗinki mai kyau, layi biyu.

 Daga sahun iyaye sai muryar Kawu, a natse.

"Yaya, sannu da sauka. Ka gaji da jiran mu?"

Wani ya fashe da dariya, sai zaure ya ɗauka gaba ɗaya, har mai ɗaukar hoto sai da ya dafa bango. Maman Auta ta ja mayafi ta rufe fuska. Gobe-da-Safe ya juyo yana rungume da rigunan biyu.

"Minti arba'in ne!" ya ce. "Wallahi minti arba'in cif! Ku tambayi kowa!"

Auta ba ta yi dariya ba. Ta jira hayaniya ta lafa, ta ɗaga hannunta cikin wannan ƙatuwar riga, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba, ta kai ƙarshe. Aka tafa mata, tafi mai tsawo, irin wanda rabinsa yabo ne rabinsa tausayi.

Sannan ta sauko. Ta karɓi ɗan almakashin cire ɗinkin rauni daga aljihun shugabar, ta zo ta durƙusa a gaban ubanta, a nan gaban kowa. Ta kama inda rigunan suka haɗu ta duba. Duk inda basilla ta bi ta bar huji, ga shatin albasa har ƙirji. Rigar ba ta sawuwa, yau ko gobe.

"Auta," ya ce. "Wuyan fa ki duba. Wuyan ya zauna."

"Ya zauna, Baba."

"Da ba a ɗauke wuta ba..."

"Kada ka motsa."

Ta soma yanke zaren ɗaya bayan ɗaya, tana zarewa a hankali yadda aka koya mata. Shi ne ɗinki na farko da ta cire bayan rantsuwa. Hawaye ya ɗigo a bayan hannunta, ta goge da hannun rigar aro, ba ta ɗago ba.

"Yi haƙuri, Baba," ta ce, da muryar da ake lallashin majinyaci. "Yanzu za a gama. Ba zai yi zafi ba."

Almakashin ko fatarsa bai taɓa ba. Amma ya yi zafi.